Yasar Rijiya a Tsakiyar Teku

Juma'ar da ta wuce, bayan mun ci shinkafa a gidan 'yata da ke unguwar Shisha a nan Makka, jikana Yasir ya miƙe ƙafa yana ba 'yan uwansa labarin aikinsa. Injiniyan mai ne, yana da ofis mai sanyi da kujera mai juyawa. Wai kamfaninsu zai farfaɗo da wani tsohon filin mai a cikin teku, inda ruwa ba shi da zurfi, kuma wai abin ba wuya tunda rijiyoyin suna nan a haƙe, 'yar kwaskwarima kawai za a yi musu. "Sahal, ya jaddi, sahal marra," in ji shi, wato da sauƙi, kaka, da sauƙi ƙwarai. Na tambaye shi ko hannunsa ya taɓa kama bututun da ya shekara goma a cikin rijiya. Ya ce ya gani a kwamfuta. To ku gyara zama, ku masu ganin komai a kwamfuta, in gaya muku yadda ake yasar tsohuwar rijiya, don ni na yi ta tudu na yi ta teku.

Ba da mai na fara ba. A unguwar Tandabawi ta Makka aka haife ni, aka raɗa mini Abubakar, Larabawa suka mai da shi Bakur. Mahaifina Bakano ne da ya ratso Sudan da ƙafa, ya yi sa'ar samun takardar zama tun ana ba wa mai nema, shi ya sa ni ma na tashi da tawa. Ina da shekara goma sha biyar ya damƙa ni a hannun Mu'allim Ummaru, wani Basakkwace mai yasar rijiya, gajere, mai gemu har ƙirji da baki kamar reza. Shi Garba yake ce mini, in ransa ya ɓaci kuma ya ce "kai wanga." Kayan aikinmu ba su fi a ɗauka a kafaɗa ɗaya ba: igiya, gugan fata, kwandon kaba na kwasar laka, 'yar fartanya mai gajeriyar ƙota, da ƙugiya mai yatsu huɗu ta lalubo abin da ya faɗa.

Masu gidajen da ake saukar da alhazai su ne masu kiranmu, kuma ba sa tunawa da rijiyarsu sai saura mako biyu baƙi su iso. Na tuna wani attajiri da ya rantse mana cewa ruwan rijiyarsa ya fi na kowa tsabta, yashi kaɗan ne ya toshe ta. Kwana uku ina ciki. Na fito da butoci tara, da takalma marasa 'yan uwa, da ƙasusuwan kyanwa biyu, da haƙoran roba na wani bawan Allah da ya sunkuya da yawa. Attajirin ya tsaya a inuwa da carbi yana cewa ba daga rijiyarsa suka fito ba. Mu'allim ya ce masa, "Gaskiya na, ya shaikh, da su munka zo daga gida."

Duk faɗansa da ba'arsa, akwai abu ɗaya da bai taɓa wasa da shi ba. Ba mai sauka rijiya sai fitila ta riga shi. 'Yar fitila ce ta gwangwani da lagwani, yana ɗaure ta da zare ya zura ta a hankali yana leƙawa. In harshen wutar ya tsaya cak har ƙasa, sai ya ce bismilla. In ya ƙanƙance ya mutu, to akwai muguwar iska a ciki, ba mai shiga sai an yi ta zura kwando ana jawowa har iskar ta sauya. Wansa a rijiya ya mutu tun suna gida, ya sauka lafiya lau, ya zauna kamar mai hutawa, bai sake tashi ba.

Abin da ba shi da shi kuwa shi ne takarda. Aikin hajji ya zo shekaru talatin baya, ya ga Ka'aba ya ce shi kam ya iso. Ba iƙama, wato takardar zama, ba fasfo, ko hoton kansa ba shi da shi. Yana da mata da 'ya'ya mata uku a wani ɗakin kwano a kan dutse, da buri guda da yake faɗa kullum har muka haddace: ya mutu a Makka, a yi masa salla a Harami. In aka kama shi kuwa jirgi za a saka shi, a kai shi ƙasar da ba wanda ya rage ya san shi. Shi ya sa da ya hango motar 'yan sanda sai ya tuna akwai rijiyar da ke bukatar dubawa, ko da jiya muka yashe ta.

Sai shekarar da ta karya mu ta zo, cikin shekarun sittin na lissafin Turawa. Aka yi ta rushe gidajen da ke kusa da Harami don a faɗaɗa shi, rijiyoyinsu suka bi su. Inda ba a rushe ba kuma famfo ya shigo, masu gida suka toshe bakin rijiya da siminti. Wata huɗu muna zaune a gahawa, wato shagon shan shayi, igiyarmu har ɓera ya fara ci. Ana nan wani ɗan kwangila ya zo neman leburorin da za a kai gabas, bakin teku, ya ce kamfanin mai na son mutanen da suka san aikin rijiya. Na miƙe na ce ga mu, ni na shekara goma a ciki, wannan dattijo kuwa a rijiya ya yi furfura. Ya karɓi takardata ya duba. Ta Mu'allim bai tambaya ba, don kawuna yake so su cika mota, ya rubuta sunansa da fensir a ƙasan jerin ya wuce.

Mota har Riyad, jirgin ƙasa har bakin ruwa, sannan kwale-kwale mai inji. A gaɓa aka caje mu aka karɓe ashana da sigari, aka ce duk wanda aka gani da wuta a wurin aiki ya kuka da kansa. Filin da aka kai mu ruwansa bai fi gaba biyar ba, in iska ta kwanta kana hango yashin ƙasa da kifi. Rijiyoyin suna tsaye nan da can, kowace a kan ƙafafun ƙarfe huɗu da tsatsa da kashin tsuntsu suka rufe. Da can suna aman mai da kansu, yanzu wasu sun yi shiru, wasu ruwan gishiri suke tofarwa. Mu kuma muna kan wani faffaɗan jirgi mai hasumiyar ƙarfe, ana jan sa daga wannan rijiya zuwa waccan. Mu'allim ya dubi bakin ta farko, wanda bai kai bakin tukunyar miya ba, ya dubi ruwa ta ko'ina, ya ce, "Garba, wanga aikin mahaukata na. Wa ka ginar rijiya cikin ruwa? Kuma ta ina mutum ka shiga?"

Ba mai shiga, wahalar ke nan. Rijiyar ruwa kana ganin ciwonta da idonka. Ta mai kuwa ciwon yana can ƙasa, nisan da ya fi daga Tandabawi zuwa Harami, sai dai ka yi ta lalube. Da farko sai an kwantar da ita, a ɗura mata taɓo mai nauyi har ya danne man da iskar gas, in ba haka ba kana buɗe kanta za ta taso maka. Sannan a zaro tsohon bututu gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa tsawon mutum biyar, mu biyu muna rungume da wani ƙaton sifana mai sarƙa muna kwance ta. Sabon bututu kamar buɗe murfin kwalba ne. Wanda ya shekara goma yana shan gishiri kuwa sai ya ga dama. Wani ya ƙi, wani ya tsinke a tsakiya ya koma ƙasa, wani ya yi maka wanka da baƙin mai tun daga hula har takalmi. Bayan bututu sai guga. Eh, guga, Yasir, na ƙarfe ne dogo mai murfi a gindi, ana zura shi da igiyar waya ya cika da yashi, a jawo a juye a tanki, a sake, har kafaɗarka ta manta sunanka. In yashi ya ƙare a toshe inda ruwan gishiri ke shigowa da siminti, a zura wata bindiga ta huda sababbin ƙofofi a sama inda sauran man yake, a sa sabon bututu, a yi ta addu'a.

Helumanmu, wato shugaban leburori, Abu Jasim ne, tsohon mai nutson lu'ulu'u da ruwa ya kurmantar wa da kunne ɗaya. A samansa akwai wani Bature mai jan wuya da bai san kalmar Larabci ba sai "yalla," wato yi sauri. Da farko sun mai da Mu'allim mai shara. Sai a rijiya ta uku wani guntun ƙarfe ya tsinke ya toshe hanya, aka kwana huɗu ana zura ƙugiya iri-iri tana dawowa wayam. Mu'allim ya ajiye tsintsiya, ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan wayar tana sauka, ya rufe ido. Ya ce a tsaya, a ɗaga kaɗan, a saki da sauri. Ya ce, "Ta kama." Baturen ya yi dariya, aka jawo, sai ga ƙarfen. Mutumin da ya shekara talatin yana lalubo butocin mutane a duhu, waya ma magana take yi masa. Daga ranar ya daina shara, kansa kuma ya kumbura.

Rijiya ta huɗu ita ce ta raba ni da aikin. Yashinta ya cika tankin jirgin, kuma ba a ci gaba sai an kwashe. Tankin ɗaki ne na ƙarfe, da ƙofa zagayayya a sama da tsani, mutum ke sauka da shebur. Ƙa'ida ita ce ba mai shiga sai wani ma'aikaci ya zo daga gaɓa da akwatinsa mai sansanar gas ya ce lafiya. To iskar arewa ta taso kwana uku, kwale-kwalensa ya kasa fitowa. Baturen yana ta zirga-zirga yana yalla-yalla a kan Abu Jasim. Da hantsin rana ta uku Abu Jasim ya gaji, ya ce, "Ya Bakur, ƙofar nan a buɗe take tun jiya, iska ta share komai. Ɗaura igiya ka sauka, shi ke nan."

Na ɗaura igiya a ƙugu, na sa ƙafa ɗaya a tsani, sai na ji an riƙe mini riga. Mu'allim ne.

"Ina za ka, kai wanga?"

"Heluma ya ce in sauka, Mu'allim."

"Heluma ya koya ma aiki ko ni? Hito."

Na fito. Ya tura hannu cikin rawaninsa ya zaro 'yar fitilar gwangwanin nan da kwalin ashana, har ya riga ya zuba mata kananzir na ɗakin girki. Ashe tun daga Makka suke tare, masu caje sun duba aljihu sun duba jaka, ba wanda ya yi ƙarfin halin kwance wa dattijo rawani. Zan so in ce muku na hana shi. Ban hana ba. Shekara goma ina ganin fitilar nan tana riga ni sauka, a idona ba wuta ba ce, kayan aiki ce kamar guga. Har gyara masa zaren na yi. Abu Jasim ya juya baya yana magana da mai inji, kuma ta kurman kunnensa muke.

Fitila ta sauka tsawon gaba guda, ta sauka biyu. A rijiyar ruwa muguwar iska kashe wuta take yi. Ta rijiyar mai kuwa jiran wutar take. Na ga wani shuɗin haske ya bazu a ƙasan tankin, sai ƙara. Tsanin ƙarfe ya fito ta ƙofar, ya wuce ta tsakaninmu ya faɗa teku. Na farka a jikin tarin bututu, fatar hannuna na dama ta saɓule daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Mu'allim yana zaune daɓas a ƙasa, gemun da ya shekara arba'in yana reno babu ko gashi ɗaya, gira ma haka, sai guntun zare a hannunsa. Allah ya taimake mu ƙofar a buɗe take, wutar ta samu hanyar fita, rijiyar kuma tana danne da taɓo. Aka kashe sauran da ruwan teku, ba wanda ya mutu.

Kada ku yi saurin yi wa dattijon dariya. Washegari da mai akwatin ya iso ya ji labari, ya ce gas ɗin da ya yi wannan ƙara, da mutum ne ya sauka cikinsa, kafin ya cika shebur uku ya zauna, sai dai a jawo gawa. Fitilar ba ta yi ƙarya ba, da ƙarfi dai ta faɗi gaskiyarta.

Aka tara mu a ɗakin cin abinci. Wani babban Bature ya zo da tafinta da littafi. Tafinta ya ce wanda ya kunna wuta za a miƙa shi ga hukuma, shi da takardunsa. Na dubi Mu'allim. Fuskarsa ta kumbura, idonsa na kan littafin Baturen. Tsoro ya kama ni, don na san in aka ce ya kawo takarda ba zai sake ganin Makka ba, matarsa da 'ya'yansa ma ba za su san ta ina aka bi da shi ba. Ni ne kuma na miƙe a gahawa na ce ga mu.

Na ce ni ne. Na ce sigari na so in sha, na ɓoye ashana a takalmi. Ni da ban taɓa sa sigari a baki ba.

Babban Baturen ya nuna Mu'allim, tafinta ya ce, "Shi wannan me ya ƙone masa gemu?"

Na ce, "Rugowa ya yi zai ƙwace ashanar daga hannuna."

Aka juya ga Abu Jasim. Shi ya san wanda ya ce in sauka ba a sansana ba, ya kuma san in zance ya yi tsawo zai biyo ta kansa. Ya dafa ƙirji ya ce wallahi haka aka yi, da idonsa ya gani, har ya ƙara da cewa dattijon tsalle ya yi kamar saurayi.

Na yi kwanaki a tsare, hannu a naɗe. Aka duba takardata aka ga ba ta da aibu, aka sallame ni da gargaɗin kada in sake taka inda ake haƙar mai. Mu'allim Ummaru kuwa aka tara leburori aka tafa masa, aka ba shi agogon hannu da takardar yabo mai hatimi. Ita ce takarda mai hatimi ta farko da aka taɓa rubuta sunansa a kai a ƙasar nan, kuma ba wanda ya tambaye shi wata, wa zai caje jarumi? Rijiya ta huɗu ta dawo da mai ina tsare, ban ga ko ɗigo ba. An ce ta yi shekaru tana bayarwa.

Na dawo Makka na koyi aikin famfo, abin da ya kashe mana sana'a shi ya ciyar da ni har na yi gida a unguwar Rusaifa. Bayan shekara biyu Mu'allim ya dawo da sabon gemu da agogo. Ranar farko a gahawa aka ce ya ba da labari. Na ɗauka zai ce a bar zancen. Ina! Ya gyara zama ya nuna ni da baki. "Wanga yaro, shekara goma ina koya mai hankali, ya tahi ya kunna wuta bisa man hetur. Ba don Allah ya sa ina kusa ba, da duk mun zama gasasshen kihi." Aka fashe da dariya, ni ina zuba masa shayi.

Ban ƙaryata shi ba, don gahawa kunnuwa gare ta, kalma ɗaya ta isa ta kai shi jirgi. Na kuma gane dole ya riƙe labarin da ƙarfi. Amma Mu'allim ya wuce riƙewa, ado ya dinga yi masa. Shekarar farko tsalle ɗaya ya yi, ta biyar ya zama uku, daga baya har ɗauko ni yake yi a kafaɗa ta cikin wuta. Unguwa ta sa mini Bakur Kibrit, wato ashana. In na je gyaran famfo sai matan gida su ɓoye risho. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, akwai ranar da na bar masa shayin a buta na yi tafiyata. Sau da yawa muna zama mu biyu kaɗai, ina jira ya ce wani abu, sai ya duba agogonsa ya ce lokacin salla ya yi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata la'asar ya aika a kira ni. Ɗakin cike da surukansa da maƙwabta. Na durƙusa a gabansa, zuciyata na cewa yau dai za a wanke ni a gaban mutane. Ya lalubo hannuna na dama ya damƙe daidai inda tabon yake, ya daɗe bai saki ba, yana kallona da idon da bai manta komai ba. Sannan ya ɗaga murya yadda na bakin ƙofa zai ji.

"Garba, abin da kay yi cikin teku, na yahe maka."

Mutane suka ce Allahu akbar, dattijo mai haƙuri. Na ce, "Na gode, Mu'allim."

Bayan kwana biyu ya cika. Aka yi masa salla a Harami bayan azahar. Ni na riƙe gaban makarar ta dama, da hannun nan, har muka kai shi muka rufe a ƙasar Makka.